Motsa Tanki da Mas'alar Kumfa a Injinan Feshin Filayen Golf

Daga cikin ayyukan da ake yi a filin wasan golf, waɗanda ma'abota wasan ba su cika gani ba domin akan gama yawancinsu tun kafin hantsi ya dubi ludayi, feshin magani yana cikin masu tsada da haɗari. A cikin sha'anin feshin kuwa, wata mas'ala da ke jawo saɓani tsakanin masu kula da filaye da direbobin injinansu ita ce yadda za a yi ta motsa abin da ke cikin tanki don kada ya kwanta, ba tare da ya yi kumfa ya tumbatso ba. Mutane da yawa sun ɗauka abubuwan nan biyu a ɗaure suke, watau wanda ya ƙara motsi la budda ya ƙara kumfa, wanda kuma ya ƙi jinin kumfa tilas ya sassauta motsi. A ganina wannan fahimta gurguwa ce, kuma ita ce musabbabin ɓarna mai yawa da ake yi wa ciyawa da sunan magani. Amma kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san wurin da ake aikin da irin kayan da ake zubawa.

Cikakken filin golf ramuka 18 gare shi, kowane rami kuwa yana cikin wata farfajiya ta ciyawa mai laushi, wadda ake aske ta kusan kullum har tsawonta ya koma kimanin milimita 3, domin ƙwallo ta gangara a kanta ba tangarɗa. Ciyawar da aka yi wa irin wannan aski, ga takun jama'a safe da yamma, ba ta da sauran ƙarfin jure cuta, balle kuskuren mai magani. Saboda haka a Amurka da Ingila da sauran ƙasashen da wasan ya yi ƙarfi, idan lokacin tsiro ya kama, akan fesa wa waɗannan farfajiyoyi magani duk mako ɗaya ko biyu, kuma da wuya a zuba abu guda a tanki: ga maganin cututtukan funfuna, ga ɗan takin yuriya, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara wa ganye kore, ga maganin rage saurin tsiro, ga kuma sinadarin da ke sa ruwa ya shiga yashi. Injinan da ake aikin da su, irin Multi Pro na kamfanin Toro da HD200 da HD300 na John Deere, tankunansu sun kama daga galan 175 zuwa 300, babban cikinsu ke nan ya haura lita 1,100 kaɗan. Idan aka haɗa faɗin farfajiyoyin nan duka, galibi ba ya wuce hekta ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana kuwa fesa lita 400 zuwa 800 a kowace hekta. Ma'anar wannan lissafi ita ce tanki ɗaya na iya zagaye filin kaf, don haka wajibi ne abin da ya fito a farfajiya ta farko ya zama daidai wa daida da abin da zai fito a ta 18, bayan injin ya shafe awanni yana hawa tudu yana gangara kwari, yana fesawa yana tsayawa.

To, me ya sa sai an motsa? Dalili shi ne magungunan nan ba ɗabi'a ɗaya gare su ba. Akwai waɗanda ke narkewa sarai a ruwa, kamar yuriya, waɗanda da zarar sun narke shi ke nan, ko an bar su ba za su rabu ba. Akwai masu mai, waɗanda ke watsuwa cikin ruwa ɗigo-ɗigo har ya yi fari, idan an ƙyale su kuwa sai man ya nemi sama. Sa'an nan akwai kashi na uku, wanda shi ne asalin wahalar, watau magungunan da ba sa narkewa faufau, sai dai ƙwayoyinsu su yi ta yawo a cikin ruwa muddin ruwan yana motsi. A cikinsu akwai masu zuwa a gari, da masu zuwa tsaki-tsaki, da masu zuwa a ruwa mai kauri a jarka; sanannen maganin funfuna da ake kira kulorotalonil, wanda aka fara sayarwa a Amurka a shekarun 1960 da sunan Daconil, yana cikin wannan kashi, haka ma mankozeb. Duk wanda ya taɓa shan fura a ƙwarya ya san hukuncinsu: idan ludayi ya huta, mai shan sama ya sha tsararo, mai shan ƙasa ya tarar da kauri.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce, domin tun da malamin tsirrai Milarde ya bayyana haɗin Bordo a Faransa a 1885, wanda ake yi da sinadarin tagulla da farar ƙasa don kare inabi, masu feshi suka gane cewa maganin da ba a motsa ba ya tashi daga magani. Ƙa'idar kwanciyar kuwa an riga an san ta kafin nan, domin Joj Sitoks na Jami'ar Kambirij ya bayyana a 1851 cewa saurin nutsewar ƙaramar ƙwaya a ruwa yana bin girmanta ne ninki a kan ninki: idan kaurinta ya ninka sau 2, saurin nutsewarta ya ninka sau 4, idan ya ninka sau 10, saurin ya ninka sau 100. Shi ya sa kamfanoni ke niƙa maganin har ya yi laushin da ido ba ya rarrabe ƙwayarsa, su kuma sa masa sinadaran da ke hana ƙwayoyin mannewa da juna. Amma fa idan mai haɗi ya antaya takin ruwa mai gishiri da yawa a kan maganin da bai gama warwarewa ba, sai ƙwayoyin su dunƙule su zama curi-curi, abin da dā zai yi sa'a guda kafin ya kwanta ya kwanta cikin 'yan mintoci. A nan ne za a ga cewa tartibin zubawa da ƙarfin motsawa reshe biyu ne na asali ɗaya.

Hanyoyin motsawa iri biyu ne. Akwai ta faifan ƙarfe masu juyawa a ƙasan tanki, wadda ta fi ƙarfi a kan gari mai nauyi, amma ta yi ƙaranci a injinan golf na zamani. Wadda aka fi amfani da ita ita ce a karkatar da wani kaso na ruwan da famfo ya zuƙo, a mai da shi cikin tankin ta wasu bakuna da aka dasa kusa da ƙasa, waɗanda aka ƙera su yadda ruwan da ya fito da ƙarfi zai jawo na kewayensa ya tafi da shi, har motsin ya ninka abin da famfon ya turo. Gwargwadon da malaman aikin gona na jami'o'in Amurka suka saba bayarwa shi ne a mayar da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na cikin tankin a kowane minti, gari kuwa ya fi bukatar na saman. A tanki mai lita 1,100, lita 55 zuwa 110 ke nan a minti. Sai mai karatu ya gwada wannan da abin da ke fita waje: injin da faɗin fikafikan feshinsa ya kai mita 6, yana tafiyar kilomita 5 a sa'a, yana zuba lita 800 a hekta, lita 40 kacal yake fesawa a minti. Ashe mafi yawan wahalar famfo ta motsawa ce, feshin ƙaramin rabo ne, kuma famfon da ya fara gajiya a wajen motsi ake fara cin bashinsa, alhali agogon matsi yana nuna komai lafiya.

Akwai wata illa da ta keɓanta da filin golf, wadda manomin babbar gona bai cika haɗuwa da ita ba. Manomi yakan kama layi ya yi ta tafiya da gudu ɗaya. Direban filin golf kuwa minti kaɗan yake fesawa, sa'an nan ya rufe ya nufi rami na gaba, wani lokaci ma ya tsaya a gefe yana jiran masu wasa su buga su wuce, domin ladabin wurin bai yarda a dame su da ƙara ba. A injinan da gudun famfo ke bin gudun inji, duk sa'ad da aka sassauta totur sai motsin tanki ya yi rauni, ba tare da direban ya lura ba. Daɗin daɗawa, idan ya rufe fikafikan, ruwan da dā zai fita sai ya koma tanki gaba ɗaya, ta yadda motsin yakan yi yawa a wani hali ya yi kaɗan a wani, duk a cikin zagaye guda.

Sai mu koma ga kumfa, wadda a nan ne nake ganin an fi yin kuskuren fahimta. Tsabtataccen ruwa ba ya riƙe kumfa. Ko an kaɗa shi yaya, ƙwayoyin iskar da suka taso fashewa suke yi nan take. Kumfa ba ta tabbata sai sharuɗɗa biyu sun haɗu: sinadari daga dangin sabulu wanda ke sassauta fatar ruwa har ta iya miƙewa ta rufe iska ba ta yage ba, da kuma iskar da za a rufe ɗin. Sharaɗi na farko ba makawa daga gare shi, domin kusan kowane maganin feshi an riga an gauraya masa irin wannan sinadari a masana'anta don ya watsu a ruwa ya kuma kama ganye. Filin golf ma ya fi kowa fama da shi, saboda tun da Ƙungiyar Golf ta Amurka ta fitar da tsarinta na gina farfajiyar rami a 1960, yawancin farfajiyoyi bisa yashi ake gina su, yashi kuwa idan ya bushe yakan yi wani irin taurin kai ya ƙi shan ruwa a wurare tsilli-tsilli, sai an fesa masa sinadarin jiƙawa, wanda shi kansa ɗan gidan sabulu ne. Tun da yake sharaɗi na farko larura ne, ashe ikon mai aiki yana kan na biyu. Motsin da ke gudana a ƙarƙashin ruwa, komai ƙarfinsa, ba ya haifar da kumfa. Abin da ke haifar da ita shi ne duk wata kafa da iska ke samu ta shiga.

Kafofin nan sanannu ne ga wanda ya tsaya ya duba. Ta farko ita ce lokacin cika tanki, sa'ad da ruwa ke faɗowa daga mesa tun daga bakin murfi yana dukan abin da ke ƙasa, musamman idan an riga an zuba magani tankin bai kai rabi ba. A nan akwai ɗan rikici, domin ƙa'idar kare lafiyar jama'a ta hana a tsoma bakin mesa cikin haɗin magani, saboda idan ƙarfin ruwa ya faɗi ba zato, mesar na iya zuƙe guba ta mai da ita rijiya ko bututun ruwan sha. Dole a bar tazara tsakanin bakin mesa da saman ruwa, ko a sa bawul mai hana komawa. Wannan hani yana gaba da zancen kumfa nesa ba kusa ba, kuma ba a saɓa masa don neman sauƙi. Mafita ita ce a bar tazarar a sama, ruwan ya faɗa cikin wani bututu da aka kafa wanda zai kai shi ƙasan tanki, ko a karkata shi ya bi jikin bango, kuma a zuba mafi yawan ruwan kafin sinadarai masu kumfa su shiga. Kafa ta biyu ita ce bututun da ke mayar da rarar ruwa, idan bakinsa yana sama da ruwan tanki. Ta uku, wadda ta fi ɓuya, ita ce tsaga ko sakin roba a ɓangaren da famfo ke zuƙa: wurin ba ya ɗigar da ruwa yadda za a gani, iska yake sha, famfon kuma ya niƙa ta cikin maganin. Idan tankin da dā ba ya kumfa ya fara yi alhali ba a canja magani ba, nan ya kamata a fara tuhuma, a duba murfin matata da zoben robarta da maɗauran mesa. Ta huɗu ita ce sa'ad da tanki ya kusa ƙarewa, bakunan motsi suka leƙo sama da ruwa suna feshi cikin iska, ko ruwan ya yi gurbi a kan mazuƙa yana jan iska ƙasa, abin da gangaren filin golf ke gaggauta shi.

Ɓarnar kumfa kuwa ta wuce ƙazantar da ake gani. Idan ta tumbatso ta murfi, da magani take fita, ta zuba a wurin haɗi ko a jikin ma'aikaci. Wanda ya ga ta taso yakan rufe ruwa da wuri, yana zaton tanki ya cika, sai ya zama maganin da aka auna don lita 1,100 yana cikin lita 1,000, ƙarfinsa ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, tankin kuma ya ƙare kafin fili ya ƙare. Idan ta kai ga famfo, allurar agogon matsi ta kama rawa, bakunan feshi su riƙa tofi, na'urar auna gudun ruwa ta ƙidaya iska a matsayin magani, kwamfutar injin kuma ta yi gyara bisa ƙidayar ƙarya. Abin dariya a nan shi ne, injinan nan da yawa suna ɗauke da wata 'yar tukunya ta musamman da ke yin kumfa da gangan, tana ɗiga ta a ƙarshen fiffike don direba ya gane inda ya riga ya bi. A can an biya kuɗi an saye ta, a cikin tanki kuwa ana biyan kuɗi a kashe ta.

Duk da haka, idan aka auna illolin biyu, ta kwanciyar magani ta fi muni, domin kumfa aibinta a zahiri yake, kwanciya kuwa a ɓoye. Direban da ya rufe bawul ɗin motsi don ya huta da kumfa zai ga tankinsa ya natsu, ya yi zaton ya gyara, alhali kuwa gari yana taruwa a ƙasa: ko dai mazuƙa ta kwashe kaurin tun farko, farfajiyoyin farko su sha fiye da kima har ganye ya ƙone, na ƙarshe su sami ruwa zalla cuta ta cinye su, ko kuwa garin ya daskare a kusurwoyi, matatu su toshe, kuɗin maganin ya tafi a wankin tanki. Sakamakon ba ya bayyana sai bayan kwanaki, a lokacin kuwa sai a ɗora laifin a kan magani, a ce jabu ne ko cutar ta daina jin sa, a ƙara sayen wani mai tsada.

Ba na musun cewa akwai halin da rage motsi ya halatta. Idan tanki ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka, ruwan da ya rage ba ya bukatar turin da cikakken tanki ke bukata, don haka daidai ne a sassauta bawul sannu a hankali gwargwadon saukar ruwa, yadda saman zai riƙa birgima ba tare da yana fashewa ba. Haka nan idan duk abin da ke ciki narkakke ne. Motsin da ya wuce kima ma yana da nasa aibin, domin yakan ɗumama haɗin, wani lokaci kuma ya sa mai mai da mai gari su kame su zama dusar-dusar mai maiƙo. Sassautawa dai daban, kashewa daban, kuma ta biyun ba ta da hujja muddin akwai gari a tanki.

Game da tartibin zubawa, kusan an yi ittifaƙi a kansa, sai dai in takardar da ke jikin maganin ta faɗi wani abu dabam, ita ce kuwa abin bi. A cika rabin tanki ko fiye da ruwa, a kunna motsi, a sa abin gyara ruwa idan ruwan mai tauri ne ko mai kanwa-kanwa, a sa maganin kumfa, sa'an nan masu gari da masu tsaki, a ba su mintoci su warware sosai, musamman da sanyin asuba lokacin da ruwa ke jinkirin karɓarsu. Daga nan masu kauri na jarka, sai masu mai, sai narkakku, sinadarin jiƙawa kuma a ƙarshe sa'ad da tanki ya kusa cika. Hikimar ita ce gari idan ya haɗu da mai kafin ya jiƙe da ruwa, man ya lulluɓe shi, ba zai sake watsuwa ba. Wasu abubuwan ma ba sa zama tare ko an bi tartibi, kamar sinadarin ƙarfe ko na alli da takin fosfet, waɗanda ke haɗuwa su zama laka. Saboda haka duk sabon haɗi a fara gwada shi a kwalba bisa gwargwadon da za a zuba a tanki, a girgiza, a ajiye kamar rabin sa'a a ga abin da zai yi.

Shi kuwa maganin kumfa, galibinsa man silikon ne, dangin wanda likitoci ke bayarwa don kumburin ciki, aikinsa kuwa shi ne ya shiga fatar ƙwayar kumfa ya raunana ta har ta fashe. Kaɗan ake sawa, sau da yawa mililita 30 zuwa 60 a galan 100, kuma ya fi amfani idan ya riga sauran shiga, domin hana kumfa tashi ya fi kwantar da ita sauƙi. Tsohuwar al'adar zuba kananzir ko man dizal don kashe kumfa ba ta da wuri a kan ciyawar da tsawonta bai wuce milimita 3 ba, ƙonewa za ta yi. Sai dai kada a mai da maganin kumfa mayafin rufe aibin inji: wanda kullum yake ƙara yawan abin da yake zubawa, alama ce akwai kafar iska da bai toshe ba.

A ƙasarmu, tsofaffin filayen golf da yawa an saba yin farfajiyar raminsu da yashi gauraye da mai maimakon ciyawa, don haka wannan damuwa ta fi shafar irin filin IBB na Abuja da makamantansa masu ciyawa. Amma hukuncin bai tsaya ga masu golf ba, ya haɗa da manomin da ke goya tankin feshi mai lita 16 ko 20, yana zuba garin atarazin ko mankozeb, wanda a mafi yawan lokuta ba shi da abin motsawa sai tafiyarsa. Shi ma ya dama garin a bokiti tukuna, ya zuba a kan ruwa, ya riƙa jijjiga tankin, musamman bayan ya sauke shi ya huta.

Kirana ga masu kula da filaye shi ne su daina barin wannan al'amari ga ijtihadin direba shi kaɗai. A farkon kowace kaka a cika tanki da ruwa zalla, a kunna inji a gudun da ake aiki da shi, a buɗe murfi a duba da ido ko kowane bakin motsi yana turi, a lura da matakin da suke fara leƙowa a yi masa alama a jikin tanki, a rubuta tartibin zubawa a manna a wurin haɗi. Direban da ya zo da ƙarar kumfa kuwa, a aike shi ya nemo inda iska ke shiga kafin a ba shi izinin taɓa bawul ɗin motsi.